Jinina Ya Tona Mini Asiri

Daren Laraba, Magariya

Yau muka dawo daga Damagaram, ni da ɗiyata Rabi. Likita ya duba takardar awon jinina, ya ce abu biyu ke nuna masa ko mai ciwon daji irina zai daɗe: kumburin cikin jiki, da ƙoshin jiki. Kumburin ya sauka, alhamdulillahi, ƙoshin ne ya yi ƙasa.

Rabi ta harare ni. "Inna, ƙwan da nake dafa miki ina yake zuwa?"

Cikin jikokina mana. Wace kaka ce ke cin ƙwai yara na kallo? Ashe jini ma magulmaci ne.

Ɗazu na cinye biyu a gabansu, suna haɗiyar yawu. Su yi haƙuri, bikinsu nake son gani.