Wayar Baba a Kasuwar Gwanjo

Zuwa ga Yaya Dezső,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya Piroska da yara? Ni lafiya lau, aikin jinyar tsofaffi a Vienna sai godiya. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo, ba wani abu ba ne.

Yaya, ka rantse min cewa tsohuwar wayar tarho ta soja ta marigayi Baba tana ɗakin ajiya. To, ranar Asabar na gan ta a kasuwar gwanjo a nan Vienna, a ƙasa, cikin tsofaffin tukwane! Mai kayan ya ce wai ta Jamus ce, tun lokacin yaƙin duniya na biyu. Na ce, "Bawan Allah, kifa ta mu gani." Ga rubutunmu na Hungary a gindinta, ga tauraro, ga 1953, shekarar da Baba ya shiga soja. Ga mariƙin katakon da ya sassaƙa da hannunsa.

Ba ka ji kunya ba? Da ita yake kiranmu daga gonar inabi mu kai masa abinci.

Na haƙura da sayen takalmin sanyi, na sayo ta. Tana gefen gadona. Ka gaya wa Mama da bakinka cewa ka sayar da ita kafin bikin Ista ya zo, in ba haka ba ni zan gaya mata.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙanwarka,
Etelka