Mijina zai yi rawa da tukunyar iska a cikin riga

Doña Eduviges, ki taimake ni kafin mijina ya mayar da ni gwauruwa a tsakiyar bikin garinmu Oruro.

Mijin nawa Hilarión tsohon mahaƙin ma'adinai ne. Likita ta ce hawan jini ya kama jijiyoyin huhunsa, iskar garin nan na kan tsauni kuma ta yi masa kaɗan. A asibiti aka sa shi tafiya a baranda. Da numfashinsa kaɗai ko ƙofar banɗaki bai kai ba, amma da aka saƙala masa robar oksijin a hanci sai ga shi har ƙarshe, yana gaishe da ma'aikata kamar ɗan takara. Tun ranar ya yanke hukunci wai ya warke.

Ya yi wa Budurwa Maryamu alkawarin rawar morenada shekara uku, saura ta bana. Kin san kayan rawar, nauyinsu ya fi buhun dankali. Wai zai ɓoye tukunyar iskar oksijin ɗin a cikin rigar, ya bi da robar ta ƙarƙashin abin rufe fuska, kada abokansa su gani. Ya gwada a tsakar gida, leɓensa ya koma shuɗi, ya zauna a kan kwandon wankina wai takalmi ne ya matse shi.

Kwanan baya kuma ya yi wa tukunyar ch'alla, yadda ake sa wa sabuwar mota albarka. Ya zuba mata giya, ya naɗe ta da takardu masu launi, na fito na same shi yana neman ashana zai kunna mata abin fashewa na wasan wuta. Da ludayi na kore shi. 'Yarmu ta ce mu sauko garin Cochabamba da ke cikin kwari, ya ce iskar can kauri gare ta kamar miya. Dariya nake yi ina rubutun nan, amma wallahi tsoro nake ji.

Matar Mai Taurin Kai

Amsar Doña Eduviges: 'Yar'uwata, da farko ki ɓoye ashana. Oksijin da wuta ba sa zama wuri ɗaya, biki kuwa cike yake da kyandir da tartsatsi.

Mijinki yana da gaskiya a abu guda: iskar tana ƙara wa masu irin ciwonsa nisan tafiya. Amma taimako take yi, ba ta warkarwa, kuma abin da ta ƙara masa nauyin kayan zai cinye tun kafin ayarin rawar ya sha kwanar farko a titi. Ke ma ki duba nasa ɓangaren. Ba rawar ce ta dame shi ba, tsoro yake a ce Hilarión ya ƙare.

Ku koma wurin likitar tare, ki faɗi maganar leɓen a gabansa, ita ta faɗi iyakar abin da zai iya. Sannan ku ga fada na coci a kan alkawarin. In fada ya amince, 'yarku ta yi rawar a madadinsa, shi kuma in likita ta yarda ya tare ta a bakin cocin da ayarin ke tsayawa su shiga tare, yana jan tukunyarsa a fili. Maganar Cochabamba ki bari sai bayan biki, lokacin zai fi jin magana.

In ya ce kunya yake ji, ki gaya masa abokan nasa za su shigar da shi cocin nan ko ta yaya. Ya zaɓa: a gefensu da roba a hanci, ko a kan kafaɗunsu.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara wa ludayinki ƙwari.