Gurbin da Na Nuna Muku da Sandata

Zuwa ga Injiniya, shugaban kwamitin tsara rabon ruwan rafinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne dattijon makiyayin nan na bayan Gwagwalada da ya yi muku jagora da rani. Ka sha nono a rugata, ranka ya daɗe, na san ba ka manta ba.

Na farko. Kwana uku kuka yi kuna yawo da na'urori, kuna neman inda ruwa ba ya ƙafewa. Ni na kai ku gurbin ƙarƙashin dutse, inda mahaifina ya shayar da shanunsa. Ka dafa kafaɗata ka yi alkawarin za a bar mana mashaya. Yau a nan kuka kafa injin jan ruwa, kuka kewaye da waya.

Na biyu. Na san ba mu kaɗai ke jin ƙishi ba. Gari na son famfo, masu lambu na so, asibiti na so, kuma a can 'yata ta haihu. Ban ce a hana kowa ba. Amma a ofishinku an gaya mini kun auna buƙatar kowa ne da adadin da ya faɗa, layin shanu kuwa babu komai a ciki. Haba Injiniya! Kai fa ɗan Arewa ne. Yaushe ka taɓa jin Bafulatani ya faɗi yawan shanunsa a bainar jama'a? Ma'aikacinka ya tambaye ni, na ce alhamdu lillahi, sai ya wuce bai rubuta komai ba, alhali garken na tsaye a gabansa.

Na uku. Yanzu sai mun ratsa lambunan mutane kafin mu kai ga ruwa. Maƙwabcina manomi, wanda nake ba taki yana ba ni kara shekara da shekaru, ya daina amsa gaisuwata. 'Ya'yana sun ce mu tashi kafin rani, ni kuwa ba ni da sauran ƙarfin ƙaura.

Roƙona kaɗan ne. A fito da bututu ɗaya bayan wayar, a gina mana kwamin shayar da shanu. In adadi kuke so, ka zo da kanka ka ƙirga, zan kau da kai.

Wallahi kun ci amanata. Iyalina suna ta tsine wa wanda ya nuna muku gurbin, ina zaune a cikinsu, har yau na kasa gaya musu cewa ni ne.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya raba ka da haƙƙin dabbar da ba ta iya kai ƙara.

Wassalam.

Ardo Buba