Shayin Iya

Baban Auta,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Shayin da ke fulas gishiri ne a ciki. Jiya Iya mai reno ta dawo cefane da gishiri, ta juye a gwangwanin sukari. Na ga yadda take kai takardar cefanen har hanci. Idonta ne ya yi rauni, tana ɓoyewa don kar mu ce ta huta.

Don Allah kar ka nuna ka gane. Ita ta goya ni, ta goya Auta. Na riga na canza gwangwanin. Asabar zan ce ta raka ni wurin likitan ido, kamar ni za a duba.

Ka kurɓa a gabanta, ka yi mata sannu. Ni kofi biyu na sha.

Maman Auta