Sunan Ila a Littafin Aikin Dole

Gangara, daren Talata, tara ga Rajab.

Na dawo daga Agye a motar kasuwa, ƙuguna kamar zai tsinke. Tun da soja suka saki mulki aka ce kowa na iya duba tsofaffin takardun buro, wato ofishin gwamnati. Na samu littafin waɗanda aka kai aikin dole zamanin Nasara, amma babu sunan yayana Ila. An rubuta Mamman ɗan mai gari, wai can ya rasu. Mamman kuwa a gidansa ya tsufa, da ni aka yi masa sutura. Ila aka tura da sunan Mamman, shi ne ya rasu can.

Na ce wa mai tsaron takardu ya gyara. Ya ce, "Baba, ba a goge littafin gwamnati. Rubuto abin da ka sani, ka sa hannu, in maƙala a shafin."

"Da Faransanci ko da Hausa?"

"Wanda hannunka zai iya."

Layi uku kawai na yi tun isha. Waɗanda suka san maganar duk sun mutu, saura ni. Gobe zan ƙarasa, jibi in kai. Sunan dai na riga na rubuta, manya-manya: Ila ɗan Tanko.