Mai Sunan Baba Ya Daina Dariya

Makera, Kaduna

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki, yaya su Baba? Maƙwabciyata Maman Judith ke rubutawa, ni ina faɗa. Muna lafiya, kada ki damu, sai dai mai sunan Baba.

Malamin ajinsu ya ce ba ya zama wuri ɗaya, wai ciwo ne a kansa, ya haɗa mu da takardar asibiti. Likita ya tambaye ni halinsa. Ni kuwa, ɗana ne na fari, ina zan buɗe baki? Na sunkuyar da kai. Sai aka bi takardar malam, aka ba mu ƙwaya.

Inna, yanzu yana zama, amma ba ci, ba dariya. Alhali da, in ya je shagon Malam Lawal mai gyaran rediyo, wuni yake yana kwance wayoyi bai motsa ba. Wannan ne ban faɗa ba.

Ran Litinin za mu koma asibitin. Ki yafe mini, zan ajiye kunya, ko sunansa ne zan kama. Ki yi mini addu'a kada bakina ya sake mutuwa.

'Yarki,
Asabe