Yatsuna Sun Sage a Hanyar Turba

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Ibadan? Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan da sauƙi, sai dai hankali ba kwance ba.

Ranar Talata na ɗauko Baba Sule daga Turba bisa mashin. Da munka shiga yashin rafi, na hango mashina uku a bakin daji, mutanen fuska rufe. Baba ya ce, "Lawali, kada ka tsaya." Amma girgizar hanya tun safe ta gajiyar da hannuna, yatsuna sunka sage, ko kulocin mashin na kasa matsewa. Allah kaɗai ya fid da mu. Ba su biyo mu ba, ɗayansu dai ya nuna ni da yatsa.

Tun ranar, don in ƙarfafa hannuna, kullum ina matsa tsohuwar roba a tafin hannu, ina reto a reshen dogon yaro har hannu ya yi zafi. Na koyi riƙe mashin da cinya don hannu ya huta.

Cikin matata Zulai ya tsufa. Duk ranar da naƙuda ta taso, ta wannan hanyar za ni kai ta asibitin garin Isa.

Ka sa mu a addu'a. Gaida mutanen gida duka.

Ƙanenka,
Lawali